Abin da ke sa saƙon imel da aka goge a waya ya ci gaba da zama a kwamfuta

Mutum ya zauna da wayarsa da daddare ya share tarin saƙonnin imel da suka cika masa akwati: tallace-tallace, sanarwar banki ta watannin baya, da gayyatar tarukan da tuni aka tashi. Washegari ya isa ofis ya buɗe kwamfuta, sai ya tarar da su suna nan daram kamar ba a taɓa su ba. Na wani ya fi wannan ban haushi, domin da zarar ya goge saƙo, bayan 'yan mintuna sai ya ga ya sake dawowa. Akan ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis, ko a ce wayar ce ta fara tsufa. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa tushen matsalar yana ga hanyar da aka bi aka haɗa na'urar da akwatin imel tun ranar farko, da kuma abin da kowace manhaja take nufi idan ta ce ta goge saƙo.

Lamarin ya wuce na tsaftace akwati kawai. Kamfanin Google yana bai wa kowane asusun kyauta wurin ajiya na gigabait 15, wanda Gmail da Google Drive da Google Photos suke rabawa a tsakaninsu. Idan wurin ya cika, sabbin saƙonni sukan daina shigowa, su koma wa waɗanda suka aiko su. Mai jiran takardar kiran ganawa ta neman aiki ko amsar neman gurbin karatu zai iya rasa ta, alhali yana ganin ya share akwatinsa tas. Ga kuma batun sirri: takardar bayanin asusun banki da aka goge a waya tana iya kasancewa a buɗe a kwamfutar ofis da mutum uku suke amfani da ita.

Inda saƙon yake zaune

Saƙon imel ba ya zuwa kai tsaye cikin wayar mai shi. Yana sauka ne a saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatin, ko Google ne, ko Microsoft, ko Yahoo, ko kuma ma'aikatar da mutum yake yi wa aiki. Waya da kwamfuta suna zuwa ne su tambayi sabar abin da ya shigo. Akwai ƙa'idoji biyu da suka daɗe ana yin wannan tambayar da su, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan matsala.

Ta farko ita ce POP, wadda aka fara wallafa bayaninta a 1984, kuma nau'inta na uku, POP3, shi ne ake amfani da shi har yau. An tsara ta ne a zamanin da mutum yake da kwamfuta guda ɗaya, kuma shiga intanet yake da tsada. Aikinta kamar na mai akwati a gidan waya ne: ya je ya buɗe, ya kwashe wasiƙunsa, ya tafi da su gida. Abin da ya yi da su bayan nan, ko ya karanta, ko ya adana, ko ya yaga, gidan waya ba shi da labari. Da mutane suka fara mallakar na'ura fiye da ɗaya, sai aka riƙa saita manhajoji su bar kwafi a sabar domin na'ura ta biyu ita ma ta samu nata. Wannan ya warware matsalar karɓa, ya kuma haifar da ta gogewa, domin yanzu kowace na'ura tana riƙe da kwafinta mai zaman kansa.

Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. A nan saƙon yana zama a saba, na'urori kuma suna nuna abin da ke can ne kawai. Misalinta shi ne asusun banki: idan aka cire kuɗi a wurin mai POS, ragowar da za a gani a manhajar banki da wadda za a gani a na'urar ATM duk ɗaya ce, domin littafi ɗaya suke dubawa. Idan aka goge saƙo a waya ta IMAP, wayar tana sanar da sabar, sauran na'urorin kuma su bi sahu a karo na gaba da suka tuntuɓe ta. Tsarin Exchange na Microsoft, wanda ma'aikatu da kamfanoni suke amfani da shi, da kuma manhajar Gmail a kan asusun Gmail, suna da nasu hanyoyin, amma a wannan fannin halinsu irin na IMAP ne.

Abin da ya biyo bayan wannan a fili yake. Na'urar da aka haɗa ta POP ba za ta taɓa cire saƙo don an goge shi a wata na'urar ba, komai ƙarfin sabis, komai yawan kashewa da kunnawa. Ba lalacewa ta yi ba, abin da aka gina ta a kai ke nan. Wasu manhajojin suna da zaɓin cire saƙo daga saba idan an goge shi a na'urar, amma ko wannan ba ya taɓa kwafin da wata na'urar ta riga ta sauke.

Gwajin da ya kamata a fara da shi

Kafin a taɓa kowane saiti, a buɗe akwatin ta burawuza, kamar Chrome ko Firefox, a shiga shafin kamfanin kai tsaye: mail.google.com, ko outlook.com, ko mail.yahoo.com. Abin da aka gani a nan shi ne ainihin abin da ke cikin saba. Sai a nemi saƙon da ake magana a kai.

Idan yana nan a akwatin shigowa, to na'urar da aka yi gogewar a kanta ce ba ta isar da umarnin ba, ita za a bincika. Idan kuwa yana cikin kwandon shara, ko babu shi gaba ɗaya, gogewar ta yi, kuma na'urar da har yanzu take nuna shi ce ta makara. Wannan gwaji na minti biyu yana raba aikin gida biyu, yana kuma hana mutum ɓata yini yana gyaran na'urar da lafiyarta ƙalau. Wanda yake son tabbatarwa zai iya aika wa kansa saƙon gwaji, ya goge shi a na'ura ɗaya, ya duba burawuza, sannan ya maimaita da ɗayar.

Bayan an gano na'urar da ake zargi, sai a duba da wace ƙa'ida aka haɗa ta. Sunan sabar karɓar saƙo da ke cikin saitin asusun yakan tona asirin: pop.gmail.com da lambar mashiga 995 alamar POP ce, imap.gmail.com da lamba 993 alamar IMAP ce. Haka yake a Yahoo, inda ake da pop.mail.yahoo.com da imap.mail.yahoo.com. Microsoft yana amfani da suna ɗaya ga duka biyun, don haka a can lambar ce za a duba. Tsofaffin saituna marasa kariya suna amfani da 110 ga POP da 143 ga IMAP. A manhajar Outlook ta kwamfuta ma ba sai an wahala ba, jerin asusun da ke cikin saitin yana rubuta nau'in kowanne a gefensa.

Idan IMAP ce amma saƙon bai tafi ba

A nan ne abin yake da ɗan sarƙaƙiya, domin gogewa a IMAP mataki biyu ce. Da farko manhajar tana yi wa saƙon alamar cewa an yanke masa hukuncin gogewa. Daga baya sai a aika umarni na biyu wanda zai kwashe duk masu alamar. Tsakanin matakan biyu saƙon yana nan da ransa. Wata manhajar takan ɓoye shi, wata ta nuna shi da layi a kansa, wata kuma ta nuna shi kamar babu abin da ya same shi. Shi ya sa na'ura biyu za su iya kallon akwati ɗaya su ba da labari daban.

Outlook ta kwamfuta tana da zaɓi a saitin asusun IMAP wanda ke cewa a yi wa saƙonni alama amma kada a goge su da kai, tare da wani da ke kwashe masu alamar duk lokacin da aka sauya jaka. Thunderbird kuma tana ba da zaɓi uku: a kai saƙon wata jaka, ko a yi masa alama kawai, ko a cire shi nan take. Wanda yake son na'urorinsa su tafi tare, ya zaɓi na kai saƙo kwandon shara.

Sai dai a tabbata kwandon na saba ne. Wannan kuskure ne mai saurin ɓuya. Kowane kamfani da sunan da ya ba kwandonsa: Gmail da Yahoo suna kiransa Trash, Microsoft kuma Deleted Items. Idan manhaja ba ta gane sunan ba, takan buɗe nata kwandon, wani lokaci a cikin na'urar kaɗai. Alamar hakan ita ce a ga kwanduna biyu ko uku a jerin jakunkuna, kowace na'ura tana zuba shara a nata. A iPhone ana gyara wannan a saitin asusun imel, ƙarƙashin sashen Advanced, inda ake nuna wa wayar jakar da za ta ɗauka a matsayin kwandon shara. A zaɓi wadda ke ƙarƙashin saba, a bar wadda ke cikin wayar.

Halin Gmail na daban

Gmail, wanda aka ƙaddamar a ranar 1 ga Afrilun 2004, ba ya aiki da jakunkuna kamar sauran. Kwafi ɗaya yake ajiyewa na kowane saƙo, sai ya riƙa liƙa masa laƙabi. Akwatin shigowa ma laƙabi ne. Duk saƙon da ba ya cikin kwandon shara ko jakar saƙonnin banza yana nan a wurin da ake kira All Mail. Saboda haka cire saƙo daga akwatin shigowa bai zama gogewa ba, cire masa laƙabi ne kawai, abin da Gmail yake kira Archive, wato adanawa a taskar baya.

Mutane da yawa da suke ganin suna gogewa, adanawa suke yi. A manhajar Gmail, jan saƙo gefe da yatsa yana adana shi ne idan ba a sauya saitin ba. Manhajar imel ta iPhone ita ma takan adana maimakon gogewa a kan asusun Gmail, har sai an je sashen Advanced ɗin nan an ce mata ta riƙa kai saƙon da aka yar zuwa kwandon shara. Saƙon da aka adana ya bar gaban ido, amma yana cin wurin ajiya, bincike zai fito da shi, kuma da zarar wani ya ba da amsa a kansa zai koma akwatin shigowa tare da duk zaren tattaunawar. Wannan na daga cikin dalilan saƙon da "ya dawo" bayan an sallame shi.

Akwai kuma saiti a shafin Gmail na kwamfuta, a sashen da ya shafi tura saƙo da POP da IMAP, wanda ke tantance makomar saƙon da wata manhaja ta yi wa alamar gogewa. Yadda ya zo daga kamfani shi ne a adana shi. Mai amfani da Outlook ko Thunderbird da ya ga saƙonninsa suna taruwa a All Mail zai iya kashe kwashewa ta kai tsaye a wannan sashe, sannan ya zaɓi a riƙa kai su kwandon shara.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kwafi biyu na gaskiya. Idan an saita akwatin ofis ya riƙa tura saƙonni zuwa Gmail na kai, ko an aiko wa mutum saƙo ɗaya ta adireshinsa biyu, to saƙonni biyu ne a akwatuna biyu, ko da wayar ta haɗa su a shafi ɗaya. Goge ɗaya ba ya shafar ɗayan.

Idan na'urar ce ta daina tuntuɓar saba

Wannan ɓangaren ne ya fi shafar masu amfani da waya a Najeriya, inda tsadar data da ƙarancin wutar lantarki suka sa kusan kowa yake tattalin biyun. Tsarin tsimin batir da na tsimin data suna hana manhajoji aiki a bayan fage, kuma daidaita imel aikin bayan fage ne. Wayoyin Android da dama, ciki har da Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwa, suna zuwa da manhajar kula da batir wadda ke rufe duk abin da ba a buɗe yake a fuskar waya ba. Idan aka goge saƙo a inda babu sabis, umarnin yakan tsaya a layi yana jira. In aka rufe manhajar kafin ya wuce, yana iya daɗewa bai isa ba, wani lokaci ma wayar ta sake ɗauko jerin saƙonni daga saba, wanda aka goge ya bayyana.

A Android a duba cewa daidaitawa ta kai tsaye tana kunne a saitin asusun wayar, da kuma a cikin manhajar Gmail ƙarƙashin asusun. A cire manhajar imel daga jerin waɗanda aka taƙaita wa batir da data. A iPhone, tsarin tsimin batir yana dakatar da ɗauko imel, kuma manhajar imel ta Apple ba ta samun sanarwar nan take daga asusun Gmail na kyauta, sai dai ta je ta duba bisa lokacin da aka sa mata: minti 15, ko 30, ko awa guda, ko sai an buɗe ta. Jinkirin rabin awa a irin wannan hali ba matsala ba ne. A Outlook ta kwamfuta kuma a kalli ƙasan shafin, domin maɓallin aiki ba tare da intanet ba yana iya zama a danne kwana da kwanaki ba a lura ba.

Kalmar sirri ma tana cikin lissafi. Wanda ya sauya ta a na'ura ɗaya ya manta da ɗayar, zai ga ɗayar ta tsaya cik a ranar da aka yi sauyin, tana nuna tsofaffin saƙonni kamar lafiya lau. Haka kuma manyan kamfanonin sun rufe tsohuwar hanyar shiga da adireshi da kalmar sirri kaɗai: Google ya yi hakan ga asusun ɗaiɗaikun mutane a ƙarshen Mayun 2022, Microsoft kuma ga Outlook.com a Satumban 2024. Tsohuwar manhajar da ba ta iya sabuwar hanyar ba sai an sabunta ta, ko a samo mata kalmar sirri ta musamman daga saitin tsaro na asusun inda kamfanin ya ba da dama. Kwanan wata da agogon na'ura idan suka kauce sosai, su ma suna hana haɗuwa mai kariya. Gmail kuma ba ya karɓar haɗin IMAP fiye da 15 a lokaci guda a kan asusu ɗaya, kuma manhaja ɗaya takan buɗe da dama, abin lura ga ofisoshin da ma'aikata da yawa suke amfani da adireshi ɗaya.

Idan an duba duk waɗannan ba a dace ba, mai yiwuwa kwafin wucin gadi da manhajar take ajiyewa ne ya gurɓata. Maganinsa a asusun IMAP ko Exchange shi ne a cire asusun daga na'urar a sake sa shi, ta ɗauko komai sabo daga saba.

Hattara kafin a cire asusun POP

Wannan shawara ta ƙarshe ba ta hau kan POP ba, kuma a nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Outlook ta kwamfuta, idan an haɗa ta ta POP, ta saba barin kwafi a saba na kwana 14 kawai, sannan ta cire shi. Ma'ana, saƙonnin shekara da shekaru suna iya kasancewa babu su a ko'ina sai a cikin wannan kwamfutar, a fayil mai ƙarewa da .pst. Idan aka yi wa kwamfutar wankin ƙwaƙwalwa a wurin gyara, ko aka cire asusun POP daga waya, abin da babu kwafinsa a saba ya tafi.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara kwafe fayil ɗin zuwa filash ko wani wurin ajiya. Sannan a ƙara asusun a matsayin IMAP, a bar tsofaffin saƙonnin suna buɗe a gefe. Daga nan a riƙa jan waɗanda ake buƙata daga tsofaffin jakunkuna zuwa na IMAP, kaɗan-kaɗan, domin kowanne sai ya hau saba kuma yana cin data. Sai an buɗe burawuza an gan su a can kafin a rabu da tsohon saitin. Ba a mayar da asusun POP ya zama IMAP ta hanyar sauya sunan saba kawai, sai an kafa shi sabo. Ma'aikacin da akwatinsa na ofis ne ya tuntuɓi sashen kula da kwamfutoci kafin ya taɓa komai, domin wasu ma'aikatun suna da dokar adana saƙonni.

A san kuma cewa daidaituwa tana da nata haɗarin. Da zarar na'urori sun koma kallon akwati ɗaya, kuskuren da aka yi a ɗaya ya shafi duka, ko da yaro ne ya ɗauki waya yana wasa. Kwandon shara ne kaɗai kariya, kuma yana da wa'adi: Gmail da iCloud da Outlook.com suna riƙe saƙon da aka goge kwana 30, Yahoo kuwa kwana 7. A Gmail, abin da ke cikin kwandon yana ci gaba da cin wurin ajiya, don haka mai neman sarari da gaggawa sai ya zubar da kwandon da hannunsa, bayan ya leƙa ya tabbata babu abin da zai nema daga baya.

Saura na'urar da ta bar hannun mai ita, kamar wayar da aka sayar ko aka bayar kyauta, ko kwamfutar tsohon wurin aiki. A shafin tsaro na asusun Google akwai jerin na'urorin da aka shiga da su, kuma ana iya fitar da kowacce daga nesa. Sauya kalmar sirri ma yana yanke yawancin hanyoyin shiga. Amma duka biyun suna hana sabbin saƙonni isa ne kawai. Abin da Outlook ko Thunderbird ta riga ta sauke yana nan a cikin na'urar har sai an zauna a gabanta an goge shi, ko an mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin a miƙa ta.